Kuzari, Karsashi da Caji

Shirin namu na yau ya yada zango a Zagga, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, yankin da kogin Kwara ya ratsa, iyakar Jamhuriyar Benin kuma ga ta nan kusa ta wajen Lolo da Tsamiya. A kasuwa ɗaya a wannan yanki sai ka ji Hausa da Fulatanci da Zabarmanci, ka ji Busancin mutanen Illo, ga Faransancin da ke tsallakowa tare da 'yan kasuwa. Ingilishi ma ya samu wurin zama, musamman a bakin matasa.

Ku tsaya a tashar 'yan kabu-kabu da hantsi, ku kasa kunne. Wani zai ce yau ba shi da caji. Wani zai ce a ba wane jinja. 'Yan makaranta kuwa enaji suke cewa. Duka ukun daga Ingilishi suka zo, kuma kowacce da tarihinta. Enaji asalinta Girkanci ne, daga kalmar da ke nufin aiki, kuma Bature da ita yake kiran ƙarfin lantarki da na fetur, abin da mu muke ce wa makamashi, da ita kuma yake yabon yaro mai kazar-kazar. Inji da mutum duk suna ɗaya. Jinja kuwa citta ce. Dillalan dawaki a Ingila ta dā kan sa wa tsohon doki citta don ya riƙa zabura a gaban mai saye, daga nan kalmar ta koma nufin zaburar da mutum. Caji, kowa ya san daga batir ya fito.

To, ku lura da abin da ya haɗa su. A cikinsu ƙarfi abu ne da ake ɗura wa mutum daga waje, ya ƙare a sake ɗurawa.

Yanzu mu gangara fadama, mu ji yadda iyayenmu suke magana a ranar gayya. Kuzari na jiki ne. Mai jinya in ya fara tashi yana cin tuwo da hannunsa, sai a ce ya samu kuzari. Karsashi kuwa na zuciya ne: ga ƙato nan lafiya lau, ya ci ya ƙoshi, amma yana riƙe da fartanya kamar an tilasta shi. Wannan ba kuzari ya rasa ba, karsashi ne babu. Shi ya sa ake gayyato makaɗan noma. Ganga ba ta ƙara wa damtse komai, amma da maroƙi ya ambaci sunan saurayi da na kakansa, ga 'yan mata a bakin gona suna kallo, sai ka ga kunya tana ƙarewa a hannunsa tun kafin na kusa da shi ya kai rabi. Zafin nama shi ne na ɗan kokawa, da na Basarken da ya cafke igiyar kwalekwale kafin ruwa ya tafi da shi.

Sai ƙwazo, wanda ni a ganina ya fi su duka daraja. Ba a ce wa mutum mai ƙwazo don aikin safiya ɗaya. Sai an ga sharar gona, an ga shuka, an ga noman farko da maimai, an ga shinkafa ta shiga buhu, sannan gari ya yanke hukunci. Kalma ce da ba ta sauka a kan mutum sai shekara ta zagayo.

Haka abin yake a wajen jan hankalin jama'a. Bature yakan ce karizma, ita ma Girkanci ce mai nufin baiwa. Bahaushe ya raba ta biyu. Farin jini shi ke sa layi ya yi tsawo a gaban wata mai tuwo, alhali ta kusa da ita miyarsu ɗaya. Kwarjini shi ke sa a sassauta murya in dattijo ya shigo zaure. Na farko yana jawo mutane, na biyu yana sa su shiga taitayinsu, kuma ba a taɓa jin an sayar da ko ɗaya a kasuwa ba.

Ba wai kakanninmu ba su san abin wartsake jiki ba. Fataken da ke ɗauko goro daga Gwanja suna ratsowa ta Bargu, su ƙetare Kwara a wajen Illo, su nufi Jega da Sakkwato da Kano. Goro na ɗauke da sinadarin da ke kore barci, irin wanda ke cikin kofi da lemukan gwangwani da ake tallatawa yanzu da sunan ƙara kuzari. Amma goro ɗaya ake fasawa a raba wa mutum uku, kuma babu wanda ya taɓa cewa goro ne ya yi masa noma.

Abin da ke damuna, masu sauraro, shi ne inda kalmar caji ta kai mu. Yau in aka ce wane ya yi caji, kowa ya san ba waya ake nufi ba. Tramol ake nufi da 'yan uwanta. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu kuma irin su tramol da kodin suka sha ba da iznin likita ba. Da yawansu ba 'yan iskan gari ba ne. Leburori ne, masu dako, 'yan kabu-kabu, samarin da ake ɗauka yankan shinkafa, masu neman a biya su kuɗin kwana biyu a yini ɗaya.

Ga abin da ya kamata kowane ɗayansu ya ji. Tramol maganin ciwo ne, ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan. Wanda likita ke rubutawa yawanci mai lamba 50 ne ko 100, na fasa-ƙwauri kuwa yakan kai 225 ko 250. Aikinsa shi ne toshe saƙon ciwo da jiki ke aikawa in ya gaji. Baya na ci gaba da lalacewa, mai bayan ne kawai ya daina ji. Jiki kuma yana sabawa, ƙwaya ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma huɗu, har wata rana mutum ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, wani a tsakiyar gona, wani a kan babur da fasinja a bayansa.

Wanda ya riga ya saba kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki, domin jiki kan yi bore da zufa da rawar ɗari da rashin barci. Ya je asibiti, a rage masa sannu a hankali ƙarƙashin kulawar likita.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau daga Zagga. A huta lafiya.