Sawun taya: shaidar da mota ke bari a ƙasa

A shekarar 1984, ƴan sandan yankin Tampa da ke jihar Florida a Amurka sun yi ta tsintar gawarwakin mata a bayan gari. A wasu wuraren sun tarar da sawun mota, kuma abin da ya ja hankalinsu shi ne tayoyin ba iri ɗaya ba ne: akwai Goodyear Viva, akwai kuma Vogue, taya mai tsada da ba kowa ke sa ta ba. A watan Nuwamba aka kama Bobby Joe Long, bayan wata ƴar shekara 17 da ya sace ta tsira ta kwatanta motarsa. Tayoyin motar sun dace da sawun, haka ma zaren jan kafet ɗinta da aka samu a jikin matan. An zartar masa da hukuncin kisa a 2019.

Aikin yana farawa ne da hoto. Ana ajiye ma'auni kusa da sawun, a haska fitila daga gefe don zanen ya fito, sannan a kwarara garin da likitocin haƙori ke amfani da shi, a ɗaga siffar idan ta daskare. Zanen taya da faɗinta da tazarar da ke tsakanin ƙafafun mota suna nuna irin motar da za a nema. Sai dai dubban motoci na iya sanye da wannan samfurin. Abin da ke ware taya guda shi ne tabonta: yankan kwalba, hujin ƙusa, gefen da ya fi cinyewa.

Ga mutumin Maradi ko Damagaram wannan ba baƙon ilimi ba ne, domin da bin sawu ake gano dabbar da aka sace tun kaka da kakanni. Yawan sa tayoyin hannu daban-daban a mota ɗaya ma yana sauƙaƙa bambanta ta da sauran.

Matsalar ita ce sawu ba ya jira. Iska tana shafe shi a rairayi, ita kuma tayar tana ci gaba da cinyewa muddin motar na kan hanya. Mafi muni shi ne cincirindon ƴan kallo da babura, waɗanda kan tattake wurin kafin jandarmomi su iso.