Shekarar da Sanƙarau Ya Tare Hanyar Makka

A 1996 maniyyatan Nijeriya sun biya kuɗin kujera, sun sayi harami, wasu har sun yi sallama da dangi, sai Saudiyya ta ce kada jirgi ya taso. Dalilin shi ne sanƙarau. Tun daga hunturu cutar ta ɓarke a Arewa, bazara na shigowa ta zama annoba, kuma Jihar Bauchi, wadda a lokacin Gombe na cikinta, tana sahun jihohin da suka fi jin jiki tare da Kano da Katsina da Kabi. Farfesa Idris Mohammed, likita ɗan Gombe da gwamnatin tarayya ta ɗora wa jagorancin yaƙi da annobar, shi da abokan aikinsa sun ƙididdige mutum 109,580 da suka kamu, 11,717 suka rasu. Wannan adadin waɗanda suka shiga takarda ne kawai. Duk wanda ya san nisan wasu ƙauyukan Shira ta Jihar Bauchi da asibitin Yana, balle na Azare, ya san akwai yaran da aka yi wa sutura ba tare da wani ma'aikacin lafiya ya gan su ba.

Abin mamakin cutar nan shi ne ƙwayarta tana zaune da mu lafiya lau. Kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ita a bayan hanci da maƙogwaro, yana cinikinsa a kasuwar Disina, bai san da ita ba. Idan ƙurar hunturu da busasshiyar iska suka tsattsage fatar cikin hanci, sai ƙwayar ta sami ƙofa zuwa jini, daga nan ta haura zuwa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Tantanin ya kumbura, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa ya ba shi wuri. Daga nan ne ciwon kai mai tsanani yake zuwa, da amai, da ƙin haske, da sanƙarewar wuya. Yaro yana wasa da safe, kafin wata safiyar an rasa shi. Idan ba a yi magani ba, cutar na iya kashe rabin waɗanda ta kama. Ko an yi, ana rasa kamar ɗaya cikin goma. Tun 1963 wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana yankin da take addaba, wanda a yau ake lissafa shi daga Senegal har Habasha, kuma ƙasar Katagum, inda Shira take, tana tsakiyarsa. Ruwan farko na sauka, annoba ta lafa, sai kuma wata shekara.

A tsakiyar wannan tashin hankali ne kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ya gwada sabon maganinsa Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka tashi da nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu ba, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, bai kuma amsa laifi ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ni a ganina asarar da ta fi kowace girma ita ce ta amana. Lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna a Kano a 2003, labarin Trovan yana cikin hujjojin da mutane suka riƙe, kuma ba zan ce wa uwar da ta rufe ƙofarta a ranar jahila ba.

Sai dai annobar ta haifar da wani abin da ba a cika ba da labarinsa ba. A faɗin Afirka mutum wajen 250,000 suka kamu a 1996 da 1997, kimanin 25,000 suka mutu. Allurar da ake da ita a lokacin ba ta daɗewa a jiki, ba ta kare jarirai sosai, kuma yawanci sai gobara ta ci rabin gari ake kawo ta. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shirin samar da sabuwa, da tallafin dala miliyan 70 daga gidauniyar Gates. Da shugaban shirin, Dokta Marc LaForce, ya zagaya yana jin ta bakin jami'an lafiya na Afirka, ciki har da na Nijar, sai suka gindaya sharaɗi: allurar da ta wuce rabin dala ba za su iya saye ba, don haka ba ta da amfani a gare su. Manyan kamfanonin Turai da Amurka ba su ga riba a nan ba. Kamfanin Serum Institute da ke Pune a Indiya ya karɓi aikin a kan wannan farashi.

Ranar 6 ga Disamba 2010 aka fara yi wa mutane MenAfriVac a Burkina Faso. Bayan shekara guda, a Disamban 2011, ta iso Nijeriya, kuma Bauchi na cikin jihohi biyar na farko, tare da Jigawa da Gombe da Katsina da Zamfara. Daga ɗan shekara 1 zuwa 29 aka yi wa. Allurar ba wanda aka yi wa kaɗai take karewa ba, tana kawar da ƙwayar daga maƙogwaro, sai ta rasa hanyar tsallakawa zuwa maƙwabci. Nau'in A, wanda shi ne ya yi ta'asar 1996 kuma a da shi ke haddasa kashi 80 cikin 100 ko fiye na annobar yankin, ya dusashe har aka daina ganinsa. Samarin Shira da suka miƙa hannu a waccan shekara sun taimaka wajen korar cutar da ta addabi iyaye da kakanni, galibinsu ba su ma san sun yi ba.

Amma ƙwayar tana da 'yan'uwa. Nau'in C ya ɓullo a Sakkwato a 2013 da Kabi a 2014, ya afka wa Yamai a 2015, sannan a 2017 ya kama sama da mutum 14,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 1,100, akasari a Zamfara da maƙwabtanta. A farkon 2024 ya matso kusa da gida, ya shiga makarantun kwana na Potiskum. Tsakanin Oktoban 2023 da Maris 2024 an rasa mutum 153 a jihohi bakwai, har da Bauchi. A Maris ɗin 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allura, Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar a lokaci guda: A, C, W, Y da X. Ministan lafiyar da aka yi wannan a hannunsa shi ne Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau. Shi ne kuma ƙaramin ministan lafiya a 2011 lokacin da allurar farko ta iso.

Duk da haka akwai wasu ƙwayoyin da ke kumbura tantanin ƙwaƙwalwa waɗanda allurar nan ba ta shafe su ba, shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji an ce "zazzaɓin sauro ne, a sayo magani a kemis", ko "iska ce, a nemo rubutu", alhali wuyan yaro ya ƙi lanƙwasuwa. A yi tofi, a yi addu'a, amma a yi su a kan hanyar asibiti, domin allurar kashe ƙwayar cuta da aka yi da azahar tana iya ceton abin da ta magariba ba za ta ceta ba. Jariri ma ba lallai wuyansa ya sanƙare ba: maɗigarsa ce za ta kumbura, ya ƙi mama, ya yi ta kuka mai ƙara ko ya yi laushi.

Akwai kuma waɗanda suka tashi, da ake mantawa da su da zarar an yi barka. Kusan ɗaya cikin biyar yana fitowa da tabo a ƙwaƙwalwa ko jijiya: farfaɗiya, raunin gaɓa, wahalar riƙe karatu, da kurumta, wadda tana cikin waɗanda suka fi yawa. Yaron da ya warke ya koma aji, malam na magana ba ya waiwayowa, sai a ce taurin kai ne ko daƙiƙanci, har a kai ga bulala. Likitoci sun ce a gwada jin duk wanda ya tashi daga sanƙarau cikin makonni kaɗan da sallamarsa, tun kafin cikin kunnen ya ƙarasa lalacewa. Idan ba a ambata ba a ranar sallama, uba ko uwa su tambaya kafin su bar asibitin.