Idan Hitar A-kori-kura Ta Yi Rauni, Injin Ake Fara Tambaya

Direban da ya taso daga Bauchi bayan asuba a watan Disamba yakan gane halin da hitar motarsa ke ciki tun kafin ya wuce Miri. Daga nan hanyar Jos ta miƙe ta Nabordo da Tilden Fulani, tana hawa daga tsayin kusan mita 600 zuwa kimanin 1,200, sanyi kuma yana ƙaruwa da hawan. A nan ne tsohuwar Hilux ta ofis, wadda ba a taɓa murɗa makunnin hitarta a Abuja ba, ke huro iska mai ɗan ɗumi, ko ma mai sanyi ƙalau.

Yawancin jami'an da ke bayan mota sukan ja bargo su manta. Kuskure ne, domin hita ba na'ura ce mai zaman kanta ba. Ƙaramin lagireto ne a bayan dashbod, wanda ruwan injin mai zafi ke ratsawa, fanka kuma tana tura iska ta cikinsa. Idan ta gaza, sau da yawa ruwan injin ne ke da matsala.

A bar injin ya huce sarai kafin a buɗe murfin lagireto, don tururinsa na iya saɓule fata. Idan ruwa ya yi ƙasa, hita ce ke fara rasawa. A cika, a fitar da iskar da ta maƙale, sannan a nemo inda yake yoyo.

Idan ruwa ya cika, sai a dubi allurar zafi. Matuƙar an yi tafiyar minti goma sha biyar ba ta ɗaga zuwa tsakiya ba, ko tana faɗuwa a gangare, to zargi ya hau kan tamostat. Wannan ɗan ƙarfe ne ke tsare ruwa a cikin injin har sai ya kai zafin aiki, wato digiri 82 zuwa 88 a yawancin irin waɗannan motoci. Wani lokaci yakan maƙale a buɗe. Amma a ƙasar nan abin da ya fi yawa shi ne babu shi kwata-kwata, domin kanikawa da dama kan cire shi da zarar mota ta shigo hannunsu, bisa hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Hujjar ba ta da tushe. Injin da ke aiki ƙasa da zafin da aka ƙera shi a kai ya fi shan mai, ya fi tara baƙin hayaƙi, kuma ya fi saurin cinyewa. Ofishin da ke biyan kuɗin man motar ya daɗe yana biyan kuɗin wannan cirewa bai sani ba.

Sai tiyo biyu da ke shiga ɗakin direba daga wajen injin. A taɓa su da hattara bayan injin ya yi zafi. Idan ɗaya na ƙuna ɗaya kuma sanyi, ƙaramin lagireton ya toshe ko bawul ɗinsa bai buɗe ba. Toshewar galibi sakamakon shekarun da aka yi ana zuba ruwan rijiya ko na leda ne maimakon kulan, tsatsa da gishirin ruwa suka taru. Akan wanke shi ta hanyar tura ruwa ta baya, a hankali. Wani lokacin ma za a tarar an haɗe tiyon biyu da juna tun tuni, an kewaye hitar saboda ta taɓa yoyo. Idan duka biyun da zafi amma iska sanyi, wayar makunni ce ta kuɓuce. Idan iska ce ba ta fitowa, a duba fis da fanka.

Akwai alamun da ba a wasa da su. Ƙamshi mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, da danshi a ƙarƙashin ƙafar fasinja, da gilashin gaba mai yin gumi mai maiƙo, duk suna nuna hitar na yoyo. Ruwan da ke raguwa ba a ga inda yake zuba ba, tare da kumfa a lagireto ko farin hayaƙi a salansa, yana nuni ga gasket na kan injin. Motar da ta nuna haka a Miri, gara ta juya garejin cikin Bauchi da ta fuskanci hawan Tilden Fulani.