Rufe bangon gareji da tsirrai masu yaɗo

Bangon gareji ba kasafai ake kashe masa kuɗi ba. Sau da yawa bulo ne tsirara, ko kuma filasta wadda ruwan indararo ya zana mata baƙin layi. Fenti yakan ɗan ɓoye abin na shekara biyu, daga nan rana da ƙurar hunturu su cinye shi. Shi ya sa masu gida da yawa suke juyawa ga tsirrai masu yaɗo, kuma abin da suka fi tambaya shi ne wanne ya fi saurin girma. Kafin a kai ga wannan, sai an san yadda tsiron yake hawa, domin yawancinsu ba sa iya kama bango mai santsi ko kaɗan.

Soso da duma da garafuni da inabi suna fitar da wasu siraran zaruruwa da ke laluben abin kamawa, in sun taɓa waya sai su nannaɗe ta. Wake da yaɗiya da jikinsu suke murɗewa a kan sanda ko igiya. Bougainvillea, furen nan mai ja da shunayya da ake gani a katangun gidajen Kano da Kaduna, ba ta kama komai, jingina take yi da ƙayoyinta, sai an ɗaure ta. Duk waɗannan suna bukatar abin hawa. Wanda ke manne wa bango da kansa shi ne irin Ficus pumila, ɗan asalin gabashin Asiya, mai ƙananan saiwoyi da ke liƙewa a siminti. Yana da kyau in ya rufe bango, amma yana jan ƙafa a shekarar farko da ta biyu, yana son laima, kuma ranar da aka yaye shi sai ya taho da fenti da guntayen filasta. A Jos ko Abuja zai yi. A Sakkwato ko Maraɗi wahala ce kawai, kuma bangon laka kada ma a kai shi kusa.

Saboda haka aikin farko na maƙeri ne ko mai walda. A kafa ƙusoshi ko guntayen rodi a bango, a ja waya layi-layi, tazarar kamar santimita 30 zuwa 40, a kuma bar tsakanin waya da bango ya kai faɗin tafin hannu. Wannan ɗan sarari yana barin iska ta wuce, bango ya bushe bayan ruwa, ganye kuma ba ya taɓa simintin da ya ɗau zafi. Bangon da ke kallon yamma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yakan ƙona sabon toho cikin yini guda. In aka yi abin hawan da katako kuwa, gara za ta gama da shi.

In sauri ake nema, a ganina babu kamar soso. A shuka iri da faɗuwar damina, wajen watan Yuni, ya tsiro cikin mako guda ko biyu, kafin ƙarshen Agusta ya lulluɓe waya da faffaɗan ganye da furanni ruwan ɗorawa, ga kuma soson wanka a ƙarshe. Matsalarsa ita ce na shekara guda ne. Da ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ta kaɗa, sai ya bushe, bangon ya koma ya fi da muni da busassun igiyoyi suna reto. Duma ma haka, kuma 'ya'yanta suna da nauyin da zai iya tsinka siririyar waya.

Dabarar ita ce a haɗa biyu a damina ɗaya: soso ya rufe bango a bana, mai daɗewa yana kafa saiwa a gefensa. Bougainvillea, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, takan ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin ta cika bango, amma tana jure fari, kuma da rani take yin fure sosai. Yawan ruwa da taki ganye kawai suke sa ta yi. Sai dai ƙayarta tana karce mota da yara, don haka a nisanta ta da ƙofar gareji, a riƙa datse ta. Ni da za a bi shawarata, da an ƙara duba yaɗiya, wadda muke raina wa don ta daji ce. Saiwarta tana nitsewa ƙasa, tana zama kore tsakar rani, ga ganyenta ana kwaɗo da shi.

Gindin bango shi ne wuri mafi muni a gida wajen shuka: buraguzan siminti ne a binne, kuma bakin kwano yana tare ruwan sama. A ja baya kamar santimita 45, a haƙa rami zurfin gwiwa, a cika da ƙasa mai kyau da ruɓaɓɓen taki, sannan a karkata tsiron zuwa waya da sanda. A rage ganyen da ke ƙasa-ƙasa yadda za a riƙa ganin gindin bango, saboda macizai da sauro, kuma kada a bar reshe ya shiga ƙarƙashin kwano ko ya hau wayar lantarki. Inda awaki ke shigowa, sai an kewaye gindin da raga har tsiron ya wuce tsayin bakinsu.