Ruwan Zartsi: A Auna Kafin A Sa Kuɗi A Lambu

Jama'a, kwanan nan waɗansu dattawa da fatake suka yi ta zuwa makaranta suna tambayarmu batun filayen da suka saya a bayan Ankara, wajen Ashaiman da Dodowa. Sun haƙa rijiyar burtsatse, ruwa ya fito da ɗan zartsi, suna so su san ko zai yi lambun albasa. Wani ma ya ce ai da shi yake alwala.

To, alwala kam ta yi. Mun karanta a Risala cewa ruwan da gishirin ƙasarsa ya canza shi yana tsarkakewa. Amma hukuncin albasa daban ne.

Ga dalili. In ka zuba ruwa a fangali, shuka ta sha, rana ta ɗauke saura, gishirin kuwa ba ya tashi, nan yake zama. Bari mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. A ce kowace lita tana da giram 1 na gishiri, ruwan da mutum zai sha bai yi tsaki ba. Eka guda ta albasa takan ci wajen lita miliyan 2 kafin a cire. Watau ka zuba wa gonarka tan 2 ke nan, buhu 40 na gishiri, a shuka ɗaya tak! Bana da baɗi sai ka ga fari-fari a bakin fangali, bakin ganye ya ƙone, shuka tana yaushi alhali ƙasa a jiƙe take.

Saboda haka harshe ba ma'auni ba ne. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'ida a 1985: ruwan da bai kai miligiram 450 a lita ba, babu laifi, daga nan zuwa 2,000 sai da hattara, abin da ya wuce haka kuwa ɓarna ce. Albasa da karas su ne raggwaye wajen gishiri. Tumatir ya fi su jimiri, auduga da dabino sun fi duka.

Sa'an nan a dubi ƙasar. Mutanen Anloga, wajen Keta, sun daɗe suna noman ƙananan albasa tsakanin teku da tafki, domin rairayi gare su, ruwan sama yana wanke gishiri ya yi ƙasa da shi. Har wa yau rijiyoyinsu gajeru ne, gama ruwan daɗi a bisa na gishiri yake kwance, in aka matsa ja da inji sai na ƙasan ya hau. Baƙar laka irin ta filayen Ankara kuwa riƙe gishiri take yi, ta toshe, ruwa ya kwanta a kai. Ga shi kuma damina a nan ba ta da yawa, ba kamar Kumasi ba.

Shawararmu ita ce, a ɗebi ruwan cikin kwalba mai tsabta bayan inji ya daɗe yana ja, a kai Water Research Institute da ke Ankara a auna. A yi haka a ƙarshen rani, wajen Fabrairu ko Maris, lokacin da zartsi ya fi ƙarfi. A tafi da ƙasar gonar ma, kuma kada a biya kuɗin iri sai takardar awo ta zo hannu.