William Kent: Mai Fentin Karusa da Ya Sauya Fasalin Lambunan Ingila

Duk wanda ya taɓa ganin hoton gidan wani babban basarake na karkarar Ingila ya san irin shimfiɗar da ke kewaye da shi: ciyawa kore shar ta gangara zuwa bakin tafki, bishiyoyi gungu-gungu nan da can, tumaki na kiwo daga nesa, babu shinge babu katanga. Mai kallo sai ya ɗauka haka Allah ya halicci wurin. Alhali da hannu aka yi shi, da shebur da amalanke da kuɗi masu yawa. Cikin mutanen farko da suka ƙago wannan salo akwai William Kent, wanda ya rayu daga wajen 1685 zuwa 1748.

An haife shi a Bridlington, wani garin bakin teku a yankin Yorkshire, iyayensa kuma ba masu hali ba ne. Sunan gidansu ma Cant ne, daga baya ya mayar da shi Kent. Sana'ar da ya fara koya ita ce fentin karusa da allunan shaguna. Wasu attajiran yankin suka ga hannunsa na da kyau, suka haɗa kuɗi suka tura shi Italiya a 1709 don ya koyo zane, da sharaɗin ya riƙa aiko musu da kwafin zane-zanen manyan gwanaye da kayan tarihi. Shekara goma ya yi a can. Ya yi karatu a wurin Giuseppe Chiari a birnin Rum, ya ci lambar yabo a gasar makarantar San Luca a 1713, har ya zana rufin wani coci a birnin.

Sai dai ribar da ta fi zanen ita ce mutanen da ya sani. A lokacin al'ada ce 'ya'yan manyan Ingila su yi doguwar tafiya zuwa Italiya kafin su zauna su riƙe gida. Kent mutum ne mai fara'a da barkwanci, mai son ci da sha, ga shi ya san inda ake sayen kowane irin kayan tarihi. A haka ya haɗu da Thomas Coke, saurayi mai gadon dukiya, da kuma Richard Boyle, wato Lord Burlington. A 1719 ya dawo Ingila, Burlington ya ba shi masauki a gidansa na Landan, bai kuwa tashi daga nan ba sai da mutuwa ta ɗauke shi bayan kusan shekara 30. Idan ana maganar ubangida da yaronsa, to wannan ubangida ya riƙe amana har kabari.

Gaskiyar da ba a ɓoyewa ita ce Kent ba gwanin zanen mutane ba ne. Duk da haka, da ƙarfin ubangidansa ya karɓe aikin ƙawata ɗakunan fadar Kensington a 1722 daga hannun Sir James Thornhill, wanda shi ne mai zanen sarki, ya kuma yi aikin a kan ƙasa da rabin kuɗin da Thornhill ya nema. William Hogarth, wanda daga baya ya auri 'yar Thornhill, bai taɓa yafe masa ba, ya yi ta yi masa ba'a a zane-zanensa. Wani hoto da Kent ya zana wa cocin St Clement Danes ma, sai da Bishop na Landan ya sa aka sauke shi a 1725. Amma bangon matakalar sarki a Kensington yana nan har yau, kuma ya cancanci kallo: Kent ya cika shi da fuskokin mutanen fadar Sarki George na ɗaya suna leƙowa ta kan baranda, ciki har da Mehmet da Mustafa, barorin sarki biyu da suka fito daga daular Usmaniyya, da wani yaro Peter da aka tsinto a dajin Jamus ba ya magana.

Inda buroshi ya gaza, ido bai gaza ba. Kent ya gane cewa ɗaki abu guda ne, don haka rufi da bango da murhu da madubi da kujera duk su fito daga tunani ɗaya. A Houghton Hall, gidan Firayim Minista Robert Walpole, shi ya tsara cikin ɗakunan har da tebura da gadaje masu ruwan zinariya. Kusan babu abin da bai tsara ba. Ya yi wa Yarima Frederick jirgin ruwan alfarma a 1732, wanda yanzu yake gidan tarihi na Greenwich. Ya tsara abin tunawa da Isaac Newton a Westminster Abbey. Ana ma danganta masa ɗaya daga cikin kekunan jarirai na farko, wanda ya yi wa iyalin Duke na Devonshire da siffar ƙwaryar wata halittar teku, aka kuma tsara shi yadda akuya ko ɗan ƙaramin doki zai ja.

Gini kuwa sai da ya haura shekara 40 ya shige shi sosai. Burlington ya ƙallafa rai a kan salon Andrea Palladio, maginin Italiya na ƙarni na 16, wanda ya kwaikwayi gine-ginen Rumawan dā: ginshiƙai, daidaito tsakanin dama da hagu, fuska mara tarkace. A 1727 Kent ya shirya littafin zane-zanen Inigo Jones, wanda ya fara kawo salon Ingila. Daga nan ya tsara ginin Baitulmali a Whitehall, da Holkham Hall na tsohon abokinsa Coke, wanda aka soma a 1734. Ginin Horse Guards, inda masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto da dogaran sarki a kan dawakai, shi ma tsarinsa ne, ko da yake John Vardy ne ya gina shi bayan rasuwarsa.

Abin mamaki shi ne mutumin da ke auna gini da ma'auni, da ya fita waje sai ya jefar da igiyar awo. Kafin zamaninsa, lambun babban mutum a Turai irin na Versailles ne a Faransa: hanyoyi miƙaƙƙu kamar an ja da rula, shuke-shuke an aske su sun zama murabba'i ko dala, ruwa a cikin kwatami mai kusurwa. Manufar ita ce a nuna cewa mai gida ya hore ƙasa. Marubuta irin su Joseph Addison da Alexander Pope sun riga sun fara gunaguni a kan wannan, Charles Bridgeman kuma ya fara sassauta layukan. Kent ya zo da idon mai zane. Ya ga hotunan Claude Lorrain na karkarar Rum, masu kangon haikali a gefe da haske na ratsa ganye, sai ya tambayi kansa me zai hana a yi irin wannan da ƙasa da ruwa da bishiyoyi na gaske. Bai cika zana taswirar lambu daga sama kamar sauran. Yakan zana abin da mutum zai gani idan ya tsaya a wuri kaza, wani lokaci har da ɗan kare a gefen takardar.

Dabarar da ta sa hakan ya yiwu ita ce wani rami da Turawa ke kira ha-ha. Ana haƙa dogon rami a iyakar lambu, a gina bango a gefen da ke kusa da gida wanda bai wuce tsayin ƙasa ba, ɗaya gefen kuma a bar shi gangare. Saniya ba ta iya haurowa, amma daga taga ba a ganin komai sai ciyawa ta zarce har cikin makiyaya. Ba Kent ya ƙago shi ba, Bridgeman ya riga shi amfani da shi, amma Kent ne ya fahimci cewa da zarar katanga ta ɓace, gonakin maƙwabta da tsaunin da ke can nesa duk sun shigo cikin hoton.

Wurin da ya fi nuna hannunsa shi ne Rousham, a yankin Oxfordshire, wanda ya gyara wa Janar James Dormer daga 1738. Lambun ba shi da girma sosai, kuma siffar filin a karkace take, ya bi gaɓar kogin Cherwell. Daga bayan gida za ka taka ciyawa har ka iso wani mutum-mutumi na zaki ya danne doki, nan ƙasa ta gangara, kogi ya bayyana. Can kan tudu, kimanin mil guda, ga wani kango mai baka uku. Bango ne kawai, ba abin da ke bayansa, an gina shi don ido ya sami wurin sauka. Ka shiga duhun itatuwa, sai ga wata siririyar magudanar dutse tana lanƙwasa kamar maciji a tsakiyar hanya, ta kai ka wani kwatamin wanka mai kusurwa takwas. Ka ƙara gaba, ga rumfar dutse mai baka bakwai inda ake zama a kalli ruwa. Ba inda za ka tsaya ka ga lambun duka, dole sai ka taka. Kent kansa ba kasafai yake zuwa wurin ba, kuma iliminsa na tsirrai kaɗan ne. Mai lambun gidan, John MacClary, shi ya yi dashen, sunansa kuma bai cika fitowa a labarin ba. Dormer ya rasu a 1741, aikin na dab da kammala. Har yau zuriyar danginsa ke riƙe da gidan.

A Stowe kuwa lambun har siyasa yake yi. Mai wurin, Lord Cobham, ya ɓata da Walpole. Kent ya gina masa haikali mai ɗauke da gumakan kawunan mutane 16 da ake ganin su ne gwarazan Birtaniya, da wani haikalin na nagartar mutanen dā. Kusa da shi aka yi na nagartar zamani, aka gina shi a rushe da gangan, da gunki mara kai wanda jama'a suka ɗauka Walpole ake nufi. Habaici ke nan da dutse, daga mutumin da ya ƙawata wa Walpole ɗin gidansa. Wani lokaci ma son kwaikwayon daji yakan kai shi ga wuce gona da iri: Horace Walpole, ɗan Firayim Ministan, ya ba da labarin cewa ya taɓa dasa matattun bishiyoyi a lambun Kensington, sai da dariyar mutane ta sa ya daina.

A 1741 wani saurayi mai suna Lancelot Brown ya kama aikin lambu a Stowe, inda ya yi aiki a kan tsare-tsaren Kent. Shi ne daga baya aka sani da Capability Brown, wanda ya baza salon a gidaje sama da 170, daga nan salon ya ƙetara zuwa Faransa da Jamus da Rasha, inda ake kiransa lambun Ingilishi. Kent bai yi aure ba, amma ya bar wasiyya ga Elizabeth Butler, 'yar wasan kwaikwayo da suka daɗe tare, da 'ya'yanta. Ya rasu ranar 12 ga Afrilu, 1748, aka binne shi a Chiswick, a cikin hubbaren iyalin Burlington.