Muryoyi biyu, waƙa guda: daga Everly zuwa Simon da Garfunkel

A ƙasarmu, in anka ce waƙar taro, abin da kunne ya saba da shi shi ne zabiya ta bada, ƴan amshi su karɓa. Salon da muke son mu yi magana kansa a wanga sati daban yake: mutum biyu suna rera kalmomi guda a lokaci guda, amma muryar ɗaya tana bisa ta ɗan uwansa kaɗan, har mai saurare ya kasa rarrabe wace ce uwar waƙar. Ni kaina, a wata tsohuwar kaset ta mahaifina na fara jin wanga abu, ina ɗan lise, ban ko fahimci Ingilishin ba.

Waɗanda sunka buɗe ma matasan Amurka wannan hanya su ne Don da Phil Everly, wa da ƙane. Tun suna yara suke waƙa cikin shirin rediyon mahaifinsu Ike, a garin Shenandoah na jihar Iowa. Don ke riƙe da muryar ƙasa, Phil ya ɗora siririyar tasa bisa. Cikin shekara ta 1957 sunka fitar da « Bye Bye Love », duniya ta san su.

A wannan shekara ce wasu ƴan makaranta biyu na unguwar Queens, a birnin New York, sunka buga faifansu na farko da sunan Tom da Jerry, suna kwaikwayon ƴan Everly ƙarara. Su ne Paul Simon da Art Garfunkel. Labarin ɗaukakarsu yana da ban mamaki. Faifan da sunka yi a 1964 bai samu kasuwa ba. Simon ya tafi Ingila neman sa'a. Sai mai haɗa musu faifai, Tom Wilson, ya ɗauki « The Sound of Silence » ya ƙara mata ganguna da gitar lantarki, ba da saninsu ba. A watan Janairu na 1966 waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. A ganina, ta farkon, wadda ba ta da ƙari, ta fi ratsa jiki. Amma ba don karambanin Wilson ba, da wataƙila ba mu taɓa jin sunansu ba.

Abin takaici, jituwar muryoyi ba ta hana saɓanin zukata ba. Simon, wanda ke rubuta waƙoƙin, ya ji haushin yadda abokinsa ya tafi wasan sinima ya bar shi da aiki. Sunka rabu a 1970, daidai lokacin da « Bridge over Troubled Water » ke kan ganiyarta. Ta ƴan Everly ta fi muni. A watan Yuli na 1973, a California, Phil ya rotsa gitarsa gaban jama'a ya fice, ya bar wansa ya ƙarasa wasan shi kaɗai. Ciki ɗaya sunka fito, amma shekara goma sunka yi kusan ba mai ce ma wani uffan, sai a 1983 sunka sake hawa dandali tare a Royal Albert Hall na Landan.

Simon bai manta da iyayen gidansa ba. Lokacin da ya yi faifan « Graceland » a 1986 tare da mawaƙan Afirka ta Kudu, ya kira ƴan Everly sunka sa murya cikin waƙar da ta bai wa faifan suna. A 2003 kuma, da shi da Garfunkel sunka sake zagaya Amurka, sunka gayyato su. Mutum huɗu, duk da furfura, suna rera waƙar nan ta 1957. Phil ya rasu a Janairun 2014, Don ya bi shi a Agustan 2021.